Abin da Akwatin Ya Ce

Ina wanke kayana a tsakar gidan yari aka ce mini Alhaji Buba mai yadi ya rasu. Na ƙarasa wankin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Kafin a rufe ni, shagon intanet nake tsaro a unguwar Briqueterie. Na yi makarantar Faransanci har aji huɗu, saboda haka 'yan kasuwa suke kawo mini duk abin da ba su iya karantawa. Da farko leƙen saƙonninsu kawai nake yi. Daga baya wani ya ba ni ƙaramar manhaja ta jabu da ake liƙa wa burawuza, abin buɗe shafukan intanet, wai tana ajiye kalmomin sirri. Duk abin da ta ajiye wurina yake zuwa.

Alhaji da ƙanensa Sale shago ɗaya suka riƙe shekara talatin. Ranar da na sa musu manhajar a kwamfutarsu, akwatin neman izini ya fito. Sale ya ce shi bai yarda da abin da yake tambaya kafin ya yi aiki ba. Alhaji ya dube ni.

"Ɗana, me ya ce?"

Cewa akwatin ya yi zai karanta ya kuma canza duk abin da suke yi a kowane shafi. Na ce, "Baba, sallama kawai yake yi." Ya yi dariya, ya ce to a amsa masa. Da yatsansa ya danna.

Bayan wata biyu na fara yaudarar abokan cinikin Alhaji na unguwar Tsinga da sunansa. Ban da shi, Sale kaɗai ya san kalmar sirrin. Alhaji ya zarge shi, ya raba shagon, ya daina amsa gaisuwarsa. Laifin da aka kama ni a kansa daban ne, wannan kuwa ba a tambaye ni ba, ban faɗa ba.

Yanzu na fito, na tuba, dako nake yi. Samari, ko manhajar gaskiya tana neman irin wannan izini, don haka ku san daga hannun wa ta fito. Idan kuma aka miƙo muku rubutu aka ce ku karanta, ku faɗi abin da ke ciki.

Sale yana unguwar Ekoudou. Sau uku ina kaiwa bakin layinsu ina juyowa. Har yau bai san ni ne ba.