Basillar Jabez Crowell

Shekara talatin da ɗaya Jabez Crowell ya yi yana kafinta a Tamarack, jirgin ruwan yaƙi mai igwa talatin da biyu. Kyaftin tara suka zo suka wuce, shi yana nan, don kafinta ba ya barin jirginsa sai an farfasa shi. Sau biyu aka gwabza yaƙi a kan Tamarack, duk biyun Jabez bai ga komai ba. Yana can ƙasa, ruwa iya ƙugu, yana toshe ɓarakar da igwa ta yi.

Da aka ce jirgin zai sake fita daga tashar Halifax da mutum ɗari biyu, sai Jabez ya ja sabon kyaftin, Holroyd, zuwa ƙasa. Ya soka basilla a babban katakon gindin jirgin, ta shige har ƙota.

"Yallaɓai, ka gani? Ya ruɓe. Burodin jiya ya fi shi ƙwari."

"To, Baba Crowell, zare ƙarfen nan kada ka nutsar da mu tun a tasha," in ji kyaftin. "Shekarunka nawa ne ma?"

Aka shafa wa jirgin fenti, Jabez kuma aka sallame shi saboda tsufa.

Jabez ya bi gidajen matuƙan jirgin yana cewa kada kowa ya hau. Mutum uku suka ji maganarsa suka gudu, aka kamo su aka yi musu bulala.

Tamarack ya tafi, ya dawo lafiya. Ya sake tafiya, ya sake dawowa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Duk ranar da ya shigo tasha, masu dako sai su yi ta ihu: "Baba Ruɓaɓɓe! Fito ka yi gaisuwar mutuwa, ga gawar ta iso!"

Wata rana aka yi guguwa jirgin yana teku. Matarsa Keziah ta tarar da shi a bakin taga, fuskarsa a sake.

"Maigida, addu'a kake musu?"

"E mana."

"Wace iri?"

Ya mai da idonsa kan teku. Ya san mutum arba'in a jirgin nan da sunansu.

Bayan kwana shida Tamarack ya shigo, ko igiya bai rasa ba. Jabez ya rufe tagar ya ce a ba shi shayi.