Ciwon Cikin da Ba Ya Zuwa Ran Alhamis

Kafin a san ni da sata, da waƙa aka san ni. Ni ne yaron da ke bin Inna wanki bakin tabkin Madarounfa, ina rera duk abin da ya zo bakina har mata su roƙe ni in bar kunnensu ya huta. Babana manomin gero da gyaɗa ne, ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka sa ni makarantar boko, wadda muke ce wa lakwal. Na fi sa'o'ina tsawo, sai mushe, wato malaminmu, ya ajiye ni a bencin ƙarshe kamar yadda ake yi wa dogaye. Daga can rubutun babban allo dishi-dishi nake ganinsa. Ban san idona ne ba. Na zaci kowa haka yake gani, su dai sun fi ni kai ne.

Sai na fara ciwon ciki kowace safiya. Ba ƙarya nake ba, murɗawa yake yi da gaske. Inna ta yi ta ɗura mini jiƙon sabara, tana shafa mini baya. Baba kuwa ya ce lalaci ne. Babu wanda ya lura ciwon ba ya zuwa ran Alhamis da Lahadi, ranakun da ba a karatu. Babu wanda ya tambayi dalilin da nake goge ɗan allona da yawu tun kafin in iso gida, ko ya ce ina waƙata ta shiga.

Satata ta farko allo ce. Lokacin hutun hantsi na ɗauke na wani yaro mai zama a gaba, da aikinsa a rubuce, na goge sunansa na sa nawa. Ranar mushe ya dafa kaina ya yaba mini, mai allon kuma ya sha bulala. Na ji tausayinsa, amma daɗin yabon ya fi tausayin yawa. A nan na gane kayan wani yana iya rufa mini asiri.

Daga baya na daina isa lakwal. Sai in ratse bakin tabki in wuni, in yunwa ta kama ni in zari kifin da masunta suka shanya. Da aka kore ni, na gudu tashar Ɗan Issa na shiga yankan aljihu. Sana'ar ta karɓe ni, don abin da ke gaban hancina sarai nake ganinsa. Nesa ce ta kashe ni. A shekarun fari na sure ƙunshin atamfar wata 'yar kasuwa, na ruga wajen wasu mutane da na hango don in ɓace a cikinsu. Ashe jandarmomi ne. Har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya, ɓarawon da ya kai kansa da gudu.

A gidan kaso na Maradi akwai wani dattijo Kirista, Baba Yakubu, tela, da ke zuwa koya mana ɗinki. In zai zura zare a allura sai ya cire tabaraunsa ya ajiye. Wata rana hannuna ya yi halinsa, na ɗauke, na ɗora a fuska don in ba abokaina dariya. Sai na ga itacen bedi da ke bayan katanga, ganye ɗaya-ɗaya, kowane da bakinsa. Ni da na girma ina zaton kan itace dunƙule ne kore. Na tsaya hawaye na zuba, na kasa cirewa.

Dattijon bai kira gandiroba ba. Ya dube ni ya ce, “Yaro, tun yaushe ba ka gani?”

Shi ne mutum na farko da ya taɓa tambayata. Ya yi ta fama har aka auna idona, ya kawo mini nawa.

Da aka sake ni na tarar babana ya rasu, bai ga tubana ba, wannan kuwa yana ci mini rai har gobe. Na durƙusa gaban Inna na nemi gafara, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana juya tabarauna a hannu, sannan ta ce, “Ai ciki ka ce mini, ɗan nan. Da na sani ido ne...” Na ce mata ni ma ban sani ba. Muka yi kuka tare.

Lokacin Inna tana riƙon Sani, ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da shiga lakwal ba. Wata safiya ya duƙe yana riƙe da ciki. Na ga Inna ta ɗauko ƙoƙon jiƙo, ta yi taku biyu, ta tsaya. Ta ajiye ƙoƙon a ƙasa, ta jawo shi jikinta.

“Maigidana, hwaɗa mini, mi ke damunka can lakwal?”

Sai ya ce ba ya jin abin da mushe ke faɗi. Tun da ya yi baƙon dauro kunnensa na hagu ya toshe, an kuma zaunar da shi kunnen mai ji yana fuskantar bango. Shi ya sa kullum yake karkata kai in ana magana, muna yi masa tsiya. Na kama hannunsa muka tafi, na roƙi malaminsa ya sauya masa benci. Bai ƙi ba. Kafin damina Sani ya dame mu da waƙoƙin lakwal.

Ku matasa, ban ɗora wa idona laifin satata ba. Hannuna ne ya ɗauka, na kuma roƙi Allah gafara. Kada ku taɓa abin wani don ku ɓoye abin da kuka kasa. Ku buɗe baki ku faɗa. In kuma kuna da ƙane ko ƙanwa da cikinsa ya san ranakun karatu, ko ya daina waƙa, ko yake ɓoye allonsa, kada ku kira shi daƙiƙi. Ku durƙusa daidai tsayinsa ku tambaye shi. Ni sai da na kai gidan kaso aka tambaye ni.