Ranar da Tuwo Ya Jira Ni

A gidanmu na haya a Nasarawa, ba a sa hannu a tuwo sai an yi addu'a, kuma yara ke yi, bi da bi. Ni kaɗai ake tsallakewa, saboda in'ina. In na ɗauko "Ubangiji" sai in maƙale a farkonsa, yayyena su ƙarasa mini, wai taimako. Baba kuwa da yunwa yake dawowa daga masaƙa. Abin ya ci mini rai har na daina magana in ba dole ba.

An gwada magani. Wata tsohuwa ta sa aka ba ni ruwa a cikin ƙararrawar coci, na sha, ban samu komai ba sai ɗanɗanon tsatsa.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Filato mai kaɗa tulu in ana waƙa a zumuntar matan coci, ita ta lura ba na sarƙewa in ina waƙa. Ta zaunar da ni a bakin ƙofarta.

"Ɗana, ni in buga, kai ka faɗa. Kar ka riga tulun."

Sai na ja numfashi, sannan kowane bugu in saki gaɓa guda, a hankali. Da na saba, ta ajiye tulun, ta ce in riƙa buga cinyata da yatsa. Daga nan ta sami Mama a tsakar gida.

"Maman yara, yaron nan fa yana da bakinsa. Ku daina ƙwace masa magana."

Wata Lahadi da rana, an zuba tuwon masara, Mama ta dube ni ta ce, "Yau kai ne." Tsoro ya kama ni. Na rufe ido, yatsana a cinya, na wuce "Ubangiji" lafiya. A kan "abinci" na kafe. Na ji yayana ya buɗe baki zai ƙarasa.

"Bar shi," in ji Baba. "Muna jira."

Suka jira. Kafin in kai "Amin" miyar kuka ta yi sanyi, amma ba wanda ya yi ƙorafi, Baba har ƙari ya nema.

Har yau in'inar takan leƙo ni in na yi sauri, yatsana kuma ya san aikinsa. Washegarin waccan Lahadin aka koma kan babban yayanmu, aka biyo layi. Da aka iso kaina, sai kowa ya rufe ido.