Sarkin Kwamfuta da Kalmar Sirrinsa

A ofishin ana kiransa Sarkin Kwamfuta, shi kuwa bai taɓa gane zolaya ce ba. Shekara tara yana kula da na'urorin wurin, ya kuma tsara su yadda ko filas ta ajiye bayanai mutum ya soka a kwamfuta ba za ta buɗe ba sai ya zo ya sa kalmar sirrinsa.

Mai buga takardu ce ta fi shan wuyarsa. Sau biyar a rana take hawa bene ta tsaya a ƙofarsa tana "Yallaɓai, a taimaka." Sai ya gama shan shayinsa zai sauko yana jan takalmi, ya ce ta juya baya, ya kare madannai da hularsa ya danna, kai ka ce taskar ƙasa yake buɗewa.

"Yallaɓai, ba za a bar mu mu riƙa buɗewa da kanmu ba?" ta taɓa tambayarsa.

"Wannan aikin manya ne," in ji shi. "Kwana ɗaya za ku rusa komai."

Da aka yi masa canjin wurin aiki, wata mata ta gaje shi. Ranar farko ta ji koken, ta zauna ta rubuta layi ɗaya a tsarin na'urorin: kowa ya buɗe filas ɗinsa, sauran umarni yana hannunta. Ta gama ko shayinta bai huce ba.

Mai buga takardu ta dubi layin, ta dubi matakalar da ta cinye mata gwiwa. Ashe duk sarautar ba ta kai tsawon ɗan yatsanta ba.