Yadda Na Rabu da Baba a Filin Jirgi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, Allah ya nufa na raka mahaifina aikin hajji. Mutumin Lolo ne, ɗan kwalekwale, ya ƙare ƙuruciyarsa yana fiton albasa da busasshen kifi a kogin Kwara tsakanin garinmu da tsallaken Dahome. Ni kuwa sabon malamin firamare ne a Bagudo, ina ji da ɗan Turancina da wani takalmi sau-ciki da ke cizona. Ni aka zaɓa cikin 'ya'yansa wai don na san bakin Turawa, alhali ban taɓa wuce Sakkwato ba.

Daga Kano muka tashi. Jirgin namu bai kai mu Jidda kai tsaye ba, sai aka sauke mu a wani babban filin jirgi a hanya, aka ce a nan za mu canja wani. Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Ƙofofi a jere duk kamarsu ɗaya, jama'a ta kowace ƙasa, lasifika na ta magana a saman kanmu. Na kasa kunne, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Duk da haka nakan gyaɗa kai don kada Baba ya gane.

Azahar ta yi, ya miƙo mini buta. "Tahi ka samo muna ruwa." Na zaunar da shi kan kayanmu, na ce, "Baba, don Allah kada ka motsa daga nan." Ya yi dariya, ya ce, "Ina za ni? Ko akwai gulbi ciki?"

Neman famfo ya kai ni nesa, dawowa kuma ta gagare ni. Kowane lungu na bi sai in ga kamar shi ne. Da ƙyar na hango tawagarmu, ashe har an kira jirgi, mutane sun miƙe suna turereniya. Ga kayanmu a ƙasa, babu Baba.

Wata tsohuwa da muka taho tare ta ce ta gan shi. Wasu alhazai ne suka gifta suna hira da Dendanci, yaren da aka raine shi da shi, mutanen Dahome da Nijar. Yana jin su ya tashi ya bi su yana gaisuwa. A wurinsa 'yan gida ne, abokan cin kasuwa. Bai san takarda ta riga ta raba mu da su ba, jirginsu daban, namu daban.

Na ruga da butar a hannu, ruwa na zuba a wandona, ina kiran "Baba! Baba!" Tsofaffi da yawa suka waiwayo, babu nawa. Na tare wani ma'aikaci, Turancin ya tsere mini, sai nuni nake yi da hannu. Ya nuna mini taga. Wani jirgi ne yake ɗagawa.

Jagoranmu ya cim mini, ya riƙe kafaɗata. "Malam, jirgin mutanen Dahome da Nijar ke nan. Tsohonka na ciki, sun kwashe shi. Shigo mu tahi, Jidda za ka ishe shi. In ka tsaya nan, kai ma ɓacewa za ka yi."

Na ce, "In kuma bai shiga ba fa?"

Ya ce, "To ina yake? Ka gan shi?"

Ban gan shi ba. Ana shirin rufe ƙofa. Na ɗauki kayansa da nawa na shiga.

Ban same shi a Jidda ba. Ban same shi a Makka ba. Mutane na ɗawafi idonsu kan Ɗaki, ni idona kan fuskokin tsofaffi. A Mina na bi tanti tanti ina sallama da Dendanci. Na leƙa asibitoci, na tsaya a kan gawawwakin da ba a san masu su ba. Da aka gama, jirgin dawowa ya bi da mu wata hanya daban.

Da na sauka daga kwalekwale a gida, an taru da murna. Mahaifiyata ta dube ni, ta dubi bayana. Ta ce, "Shina baya?" Na girgiza kai. Ta juya ta shige ɗaki. Ba ta yi takaba ba, ta ce ba wanda ya ga gawa.

Bayan damina ta zagayo, wani dattijo daga tsallaken Dahome ya zo cin kasuwar Lolo yana cigiyar gidanmu. Yana cikin alhazan nan da Baba ya bi a filin jirgi. Ya zo ne ya yi wa Baba barka da dawowa. Da muka gaya masa, sai ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ai bai bi mu ba. Mun ce ya shigo, ya ƙiya. Ya ce ɗana ya tahi ɗibar ruwa, in ya dawo bai gan ni ba hankalinai zai tashi. Nan bakin ƙoharmu muka baro shi zaune, shina jiranka."

Na yi cigiya ta kowace hanya da na sani. Daga baya ma na koma filin jirgin da kaina, na tarar an rushe wancan zaure an gina sabo, ba wanda ya san zancen.

Mutane sun ce haka Allah ya rubuta, kuma na yarda. Yau na girmi Baba na ranar nan, jikokina na hawa jirgi kamar motar kasuwa. Na haƙura da sanin inda kabarinsa yake. Abin da na kasa daina tambayar kaina shi ne, har zuwa yaushe ya zauna yana duban hanya kafin ya gane ba zan zo ba.