Randar da na sayo a Belbeji

Kunun zaƙi nake sayarwa a bakin tashar Tanut tun ina amarya. Da tsiron gero nake yinsa, kamar yadda uwata ta koya mini, ba da sukari ba. Sai ga shi wata shekara, ana gab da azumi, kununa ya fara kumfa tun kafin azahar, yana wani tsami mai hawa hanci. Wani direba ya kurɓa, ya kashe mini ido, ya ce, "Hajiya, ashe an ci gaba!" Wallahi da ludayin na so in kwaɗa masa.

Kafin la'asar magana ta riga ni gida: wai giya nake sayarwa. Surukina, dattijon da bai taɓa buɗe baki da kunun kowa ba sai nawa, ya maido mini da ƙwaryarsa cike. Ya ce, "Ƴar nan, in haka ne, kada ki sake ɗora tukunya a gidan nan." Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ni in bar sana'ar uwata da wannan suna a kaina? Ina!

Na sauya gero, na sauya ruwa, na rage tsiro. Kumfa na nan.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce da ta yi zaman kudu da ƙuruciya, ta ga abubuwa. Na kai mata ta shinshina. Ta ce ai giya iri-iri ce. Akwai ta kwalba da ake sha a bayan bariki, akwai burkutu mai kauri ja da ake yi da dawa, akwai fito da ake tacewa. Ban da ta kwalba da ba ta san kanta ba, duk da tsiro ake fara su, kamar kununa, sai dai su ana bari su kwana.

"Inna, nawa ba ya kwana!"

"To a me kike zubawa?"

Na nuna mata randar da na sayo a kasuwar Belbeji, tsohuwar hannu, mai sanyi, har ina yabon arharta. Ta cusa kai ciki, ta ɗago tana tofar da yawu. Ta ce randar nan ta sha burkutu, ya shige jikin ƙasar, ko shekara na yi ina wanki ba zai fita ba.

Ran kasuwa na ɗauko ta a ka har bakin tasha. Na faɗi abin da ke jikinta da ƙarfi, direban nan yana tsaye, na maka ta da ƙasa. Na sayi sabuwa fil a gaban kowa.

Ranar farko ta azumi na dama, na tace, na kai wa Baba, surukin nawa, da hannuna. Ya shinshina, ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Aka kira salla. Ya yi bisimilla ya shanye, ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba.

"Ƙaro," ya ce.