Laimomin Ɗiyar Gara

A Taloka na tashi, ɗakin kakata Inna Jumma. Sunanta anka sa mani, shi ya sa take kirana Takwara. Da damina takan hura 'yar wuta tsakar ɗaki don sauro da sanyin ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta in an gama cin tuwo.

Ita kaɗai ke kawo naman kaza gidanmu, ba na kazar akurki ba, wannan farar laimar da ke tsirowa a daji. Ta san surin da ke ba da shi. To, shekarar da gwiwoyinta sunka ƙi, ko zaure ba ta kaiwa. Damina ta yi nisa ba ta ɗanɗana ba, kuma ba ta roƙi kowa ba.

Wani maraice anka yi ruwa da tsawa, gero ya kai ƙugu lokacin. Ta kasa kunne, ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tahe, ku matso."

Wai Gara ce za ta aurar da ɗiyarta ga Tsawa. Da ango ya yi gyaran murya, sai ta tashi da asuba ta kakkafa fararen laimomi gindin surinta, can ƙarƙashin tsamiya, hanyar fadama. Kwaɗo ya yi ƙyashi, ya kafa tasa bisa juji da ruɓaɓɓen icce. Duk wanda ya shiga inuwarta sai ciki ya murɗe shi.

"Mi ya bambanta su, Inna?" na tambaya.

"Ta Gara sandarta na da tsawo, sai kin tona. Kuma bikin sahe ne. Rana na ɗagawa tsutsa ta riga ki, in ma awakin Hulani sun bari." Ta harare ni. "Amma ke da ke kwana kamar gungume, Takwara, ina ke ina biki?"

Haushin maganar ya tashe ni da asuba. Na bi hanyar fadama, na iske laimomin fari fat jikin surin, raɓa na ɗiga. Na cika ƙwarya na kawo ma Inna. Ta jujjuya su ɗaya-ɗaya, ta shinshina, ta ware wasu ta zubar.

"Ashe tatsuniya na gaskiya," in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Anka yi miyar guro, wato kuɓewa, da naman kazan, ta suɗe akushi tas.

Sai da na yi nawa jikokin na gane. Tsohuwa ba ta iya buɗe baki ta ce wa yara tana kwaɗayi, kunya ba ta barinta. Ta kuma san in safiyar nan ta wuce sai baɗi, baɗin da ba ta da tabbacin gani. Ba ta gan shi ba kuwa. Aike na ta yi, ni ko na tafi ina tsammanin gardama na ci.